Kawu Haladu Mai Malfa

A wannan watan Kawu Haladu ya cika shekara shida da rasuwa. Ba na bukatar kalanda ta tuna mini. Idan zafin Doha ya kai inda mutum zai buɗe ƙofa ya ji kamar an huro masa tururin tukunya a fuska, na san lokacin ya zagayo, domin a irin wannan zafin aka bugo mini waya daga gida aka ce ya cika.

Bana kuma wani abu ya ƙara taso mini da shi. Na shiga wani babban kanti a West Bay neman takalman yara, sai na ga an jera huluna masu faɗin baki a bayan gilashi, wasu na saƙar ganye, wasu na ulu irin na Turawan da. Mai tsaron shagon ta ce mini yayinsu ne ke dawowa. Da na koma gida na tarar a waya ma ana ta cacar baki a kai: wasu na cewa a dawo da su, mutum ya fi cika ido da su, wasu na cewa zamaninsu ya wuce. Na yi murmushi ni kaɗai. Abin da ake kira sabon yayi, a garinmu malfa sunansa, kuma na san mutumin da ya sha dariya a garin nan saboda ita.

Kawu Haladu ƙanen mahaifiyata ne. Ƙauyenmu yana yankin Maigatari, inda goruba ta fi kowace bishiya yawa, kuma kakanmu da saƙar malfa ya ciyar da gidansa. Kawu ya tashi yana tsaga masa kaba tun bai san amfaninta ba. Da girma ya zo, sana'ar ta ja baya, ya yi noma, ya yi acaba, daga ƙarshe ya sami hanyar zuwa Doha aikin gadi. Ya riga ni zuwa da 'yan shekaru. Ranar da muka sauka ni da maigidana, ni zan fara karatu shi kuma aikin koyarwa, Kawu ne ya tarbe mu a filin jirgi. Tun daga nesa na hango shi cikin farin kaftani, da malfa mai adon jar fata a bisa hularsa, a tsakiyar masu fararen jallabiya da masu kwat. Maigidana ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko wancan ne kawun nawa. Na ce shi ne. Ya sake kallon malfar, ya ja jakarmu ya yi gaba.

Aikin Kawu tsayuwa ne a bakin wurin ajiye motoci na wani dogon gini, yana ɗaga wa masu shiga sanda yana saukewa. Kamfaninsu ya ba su yunifom da hana-sallah. Kawu ya ce hana-sallah goshi kawai ta sani, ta manta mutum yana da kunne da ƙeya. Ya roƙi ogansu ya bar shi ya riƙa sa malfarsa da rana, ogan ya ce yunifom yunifom ne, idan ya bar mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da hular garinsu. Ni dai ban ga laifin ogan ba. Amma wata rana da zafi ya yi zafi, Kawu ya ɗora ta ba da izini ba. Wani babba daga cikin ginin ya gani ya yi magana, aka kira Kawu aka gaya masa in ya sake, maganar za ta kai ga kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, kuma ya san abin da ke biyo baya.

Juma'ar makon ya zo gidanmu a Bin Mahmud cin tuwo kamar yadda ya saba, ya ba ni labari. Yana da mata da 'ya'ya biyar a gida, da wannan tsayuwar ake ci ake zuwa makaranta. Na ce masa ya ajiye malfar nan. Ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya amsa.

"Na ji, Ma'u. Dama ban zo don ki ba ni gaskiya ba. So nake wani nawa ya faɗa mini, ya fi sauƙin haɗiya."

Bai sake kai ta wurin aiki ba har ya bar ƙasar. Ƙeyarsa ta yi baƙi ƙirin, fatar kunnensa tana saɓulewa duk bazara, bai kuma ƙara kawo ƙorafi ba.

'Yan uwanmu ma ba su raga masa ba. A ɗakin da suke kwana, samarin Kano da Katsina suna kiransa Baffan shanu, suna tambayarsa ina ya baro garken. Wasu da gaske suke jin haushi, suna cewa yana zubar musu da aji a gaban Larabawa. Maigidana ba ya tsokana, amma yana da nasa ra'ayin, kuma wata rana a kan tabarmar cin abinci ya faɗe shi cikin ladabi. Ya ce malfa kayan gona ce da kiwo, mutanenmu sun bar ta ne don rayuwarsu ta canza. Ba a shiga mota da ita, ba a sujada da ita, a ofis babu inda za a ajiye ta, ga kube da damanga sun wadatar da mu wajen ado. Na zaci Kawu zai yi gardama. Sai ya ce duk abin da Malam ya lissafa gaskiya ne, amma waɗannan laifin masaƙa ne da suka tsaya a kan fasalin kakanni, in an rage mata baki aka sassauta tsininta, za ta shiga mota.

Daga nan ya ɗauki abin da zafi. Ranar hutunsa yakan hau mota zuwa Wakra, ya zauna a bakin teku wurin masunta, yawancinsu mutanen Indiya, ya sayo mana kifi. A kasuwar can ya haɗu da wani dattijo mai saƙa kwanduna da ganyen dabino. Babu mai jin yaren wani sosai, da Larabcin kasuwa da nuni suke fahimtar juna, amma dattijon ya ba shi ganye ya nuna masa yadda suke jiƙa shi. Malfar farko da Kawu ya saƙa da ganyen dabino ta fito a karkace kamar an zauna a kanta. Ta biyu ta tsattsage kafin wata ya ƙare. Ya ce ganyen nan yana da taurin kai, ba ya lanƙwasa kamar kabar gida.

Don haka da na je hutu ya sa aka haɗo mini ƙunshin busasshiyar kaba da ƙyallayen jar fata. A filin jirgin Doha aka buɗe jakata. Ma'aikacin ya ɗaga ƙunshin yana tambaya ko magani ne ko abin ci. Na yi ta kwatance da hannu ina zagaya kaina, har ya kira abokin aikinsa suka duba tare. Da ya gane, sai ya yi dariya ya ce kakarsa ma tabarma take saƙawa da irin wannan, ya ce yalla, in wuce.

Da wannan kabar Kawu ya saƙa ƙaramar malfa mai gajeren baki wadda ke zama daram a bisa kube, ya kawo wa maigidana. Malam ya karɓa da hannu biyu, kuma don kara ya sa ta ranar da muka fita shan iska bakin teku. Bai ɗaura igiyar a haɓa ba, wai za ta ɓata masa gemu. Iska ta zo ta ɗauke ta, muna kallo ta faɗa ruwa tana lilo. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ko ba komai kifayen Qatar sun sami inuwa. Har yau maigidana yana kan bakansa cewa malfa ba ta mutanen gari ba ce, kuma har yau idan aka tuna ranar sai ya yi dariya idonsa ya kawo ruwa.

Sauran da ya saƙa, raba su ya yi. Ya ba masu wankin mota a wurin aikinsa, waɗanda babu mai kula da abin da suka ɗora a ka, ya ba masu ban ruwan fulawa a gefen titi, ya ba abokansa masunta. Shi da aka hana sawa, yana tsaye da hana-sallarsa yana kallon wasu suna aiki cikin inuwar hannunsa. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya masa ciwo. Ya ce yana yi mana, amma ya fi a ce babu mai sa ta ko ɗaya.

Burinsa shi ne ya koma gida ya kafa rumfa, ya tara matasa, su riƙa saƙa irin wannan ƙaramar malfar da ɗan birni zai sa ba tare da jin kunya ba. Ya koma gidan, sai dai ba yadda ya tsara ba. Ciwon ƙoda ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, aka sallame shi daga aiki. Ranar da muka raka shi filin jirgi ya rame har kaftanin yana masa yawa, amma hira yake ta yi a kan inda zai samo fata mai kyau. Ya yi 'yan watanni a gida. 'Ya'yansa maza ba su nuna sha'awa ba, hankalinsu yana kan gyaran waya da babur, kuma bai tilasta musu ba. Babbar 'yarsa Rabi, wadda ke jinyarsa, ita ce ta zauna kusa da shi. Mutane suka ce saƙar malfa ta maza ce, mace faifai aka sani da shi. Kawu ya ce kabar ba ta tambaya. Yana kwance yana gyara mata hannu har ƙarfinsa ya ƙare, cikin damina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wurin da ya yi shekaru yana tsayuwa, yanzu an kafa ɗan ɗaki na gilashi mai na'urar sanyi, sandar ma da kanta take ɗagawa. Na tabbata zai yi wa wanda ke ciki murna, sannan ya tambaye shi ko ba ya jin kaɗaici. Masu aikin titi da yawa yanzu suna da wani faffaɗan ƙyalle da ake maƙalawa a jikin hular kwano ya rufe musu wuya da kunne. Da ya gani zai ce ai malfa ce aka sake wa suna, kuma ba zai damu da wanda aka ce ya ƙirƙiro ba.

A gida kuwa, Rabi tana saƙa tana sayarwa ta waya. Masu saye mafi yawa 'yan biki ne: ango da abokansa su yi anko, kowa da malfa, a yi hoto a cikin ɗakin taro mai sanyi inda ko rana ba ta leƙowa. A nan ne ban san yadda Kawu zai ji ba. Ina jin zai fara da tsaki, ya ce an mayar da ita kayan wasa. Amma na san shi da son ganin abu a kan mutane, kuma na san zai lura cewa yaron da ya sa ta ranar biki ya ga ta yi masa kyau, ba zai ƙara yi wa mai sa ta a kasuwa kallon ƙauyanci ba. Rabi ta ce mini wasu daga cikinsu suna dawowa su sayi ta biyu, ta zuwa kallon ƙwallo ko duba gini.

Idan aka tambaye ni ko ya kamata hula mai baki ta dawo, zan ce ta dawo, amma ba ina nufin ta ture kowa ba. Kube tana nan, kuma babu mai zuwa masallacin Juma'a ko gaisuwar surukai ya bar ta. Abin da nake so shi ne a cire wa malfa kunyar da aka ɗora mata. Mu mutanen rana ne, a gida da nan duka, kuma zafin ƙaruwa yake. Ban ga dalilin da zai sa mu jira sai an jera abin a bayan gilashi da sunan wata ƙasa kafin mu yarda yana da kyau ba. Ni kaina ina da guda ta hannun Rabi, ina ɗora ta a kan mayafi idan zan ɗauko yara daga makaranta. Ana kallona. Yarana da farko sun ce in riƙa tsayawa nesa da ƙofa. Yanzu sun daina, ko dai sun saba ko sun gaji.

Kawu bai bar gida mai bene ba, bai kafa rumfar da ya yi ta zance ba, kuma a gardamar da ya yi da mutanen zamaninsa ba zan ce ya ci ba. Abin da ya bari hali ne: a hana ka abu, ka haƙura don iyalinka, amma kada ka yarda cewa abin banza ne don an yi maka dariya. Wannan halin na gani a wurin Rabi. Kwanan baya muna waya ta gaya mini mata uku na maƙwabta suna zuwa koyo a tsakar gidanta, kuma ta canza yadda ake ɗinke bakin, ta daina bin hanyar babanta don tata ta fi ƙarko. Sannan ta tambaye ni ko ina ganin zai yi fushi.

Na ce mata zai karɓa ya jujjuya, ya nemi aibi ya rasa, sannan ya ce ta nuna masa yadda ta yi.

Allah Ya jiƙan Kawu Haladu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa masa albarka a abin da ya bari.