'Ya'yan Tsamiya Huɗu da Waya

An cire ni daga wasan kakata ranar wata Juma'a, saboda ban iya karatu ba. Nura ne ya cire ni, ɗan ƙanwata Rabi, wanda ke jami'a a Kafin Hausa.

Wasan na Iya ne, mahaifiyar babanmu. A wani ƙauye bayan Kiyawa muka tashi, zamanin mulkin soja. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tura kara a murhu, ta ɗauko faifai da 'ya'yan tsamiya huɗu waɗanda ta goge wa gefe ɗaya a dutsen niƙa har ya yi fari. Mu bakwai muke kewaye ta. Ƙyanda ta ɗauki biyu, amai da gudawa ya ɗauki biyu, mota ta kashe ɗaya a hanyar Kano. Ni da Rabi muka rage.

Tatsuniyar Iya ba ta zama a yi shiru ba ce. Rabo take yi. "Kai ne maƙeri. Ke ce gurguwa mai tallan nono. Kai kuma, maigidana marar kunya, makiyayi." Ni ke nan. Duk abin da ka ce za ka yi a labarin, sai ka watsa tsamiya a faifai. Fari uku ko huɗu, ka dace. Ƙasa da haka, abin da Iya ta ga dama shi zai same ka.

Wadda ban manta ba ita ce ta rijiya. "Ga gari, ga rijiya, rijiya ta ƙafe," in ji Iya. "Me za ku yi?" Muka bi duwatsun Dutse neman ruwa, muka tarar da kura kwance a bakin marmaro. Rabi ta ce a ba ta nono. Na ce ni sanda zan sa mata.

"Ka tabbata, maigida? Ko ɗankwali ba ka saya min ba, za ka bar ni da takaba?" in ji Iya.

Na watsa. Baƙi huɗu. Kura ta cinye ni har da sandar. Na miƙe ina kuka, Iya ta cafke ƙafata. "Ina za ka? Wanda ya mutu ba ya barin gaban wuta. Zauna, kai ne kurar yanzu." Haka na koma ina gurnani, har Rabi ta sami fari, na sha nonon da ta kawo na matsa, gari ya sha ruwa.

Daga baya idon Iya ya tafi. Wasa bai tsaya ba. Mu muke faɗa mata abin da ya fito. "Nawa?" "Fari ɗaya, Iya." Ka san kura za ta ci ka, ka faɗa da bakinka. Ba wanda ya taɓa yi mata ƙarya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Kawu Sule, ƙanin babanmu, ya dawo daga wa'azi ya ce caca muke yi. Iya ta ce, "Caca a kan me, Sule? A kan kura?" Ya juye tsamiyar a wuta. Ba shari'a ce ta hana ba, Kawu ne, don a san ya ji wa'azi. Iya ba ta ƙara ɗaukar faifai ba har ta rasu.

Rabi tana aure a Kaduna. Ita ta ba 'ya'yanta labarin, Nura ya ce ai Turawa ma suna da irin wasan, ta intanet suke yi, kowa yana garinsa. Suka roƙe ni in zauna a mazaunin Iya. Na yarda. Daga nan aka shiga zaɓen abin da za a yi wasan da shi.

An gwada kiran bidiyo. A inda nake, fuska takan daskare baki buɗe, sai layi ya yanke. Nura ya kawo wata manhaja mai taswirar gari da 'yan mutane da ake ja da yatsa. Tana son babbar waya, tana son mai labari ya riƙa rubutu, kuma ita ke watsa ƙuri'a da kanta. Na ce a yi kiran murya kawai, kowa ya goge tsamiyarsa, ya watsa a gida, ya faɗi abin da ya fito.

Nura ya yi dariya. "Haba Kawu! To wa zai ga ko mutum ya yi maguɗi?"

"Makauniya muka yi wa wasan nan."

"Zamani ya canza, Kawu. Ni zan riƙe labarin, kai sai mu riƙa turo maka yadda aka yi."

Na kashe waya.

Na daɗe ina juya abin. Tsamiyar Iya ba don raba nasara take ba. Koya mana take yi mu faɗi abin da ya same mu ko ba mai gani, kuma kada a tashi kowa daga zama don ya gaza. Kawu Sule ya ɗauke mu 'yan caca, Nura ya ɗauke mu maƙaryata tun kafin mu buɗe baki. Duk wata na'urar da za ta bar mutum ɗaya a waje, ba ta wasan nan ba ce, komai kyan hotonta.

Rabi ce ta kira ni bayan mako biyu. Na ji ƙarar abu a faranti.

"Yaya, na goge huɗu. Fari biyu ne. Me ya same ni?"

Ina Kiyawa, ina gadin wani siton hatsi. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan aza ƙaramar wayata a bakin faifai. Mu huɗu ne, ni da Rabi da 'yan matanta biyu. In layin wani ya yanke, mutuminsa na cikin labarin yana barci a gindin kuka, muna jira. Nura yana can da taswirarsa. Bai kira ba, ni ma ban kira ba.