Abin da Ke Shan Batirin Tasi'u

Tasi'u taubashina ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Aina'u, ƙanwar babana ce, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙarata. Ƙauyenmu yana gab da Tsanyawa, inda gonar wannan ke jingine da dangar wancan, in ka yi atishawa a ɗakinka sai maƙwabci ya amsa maka daga nasa tsakar gidan.

Tun yana tsumman goyo mota yake so. Ni dai na ji an ce ko kukansa na jarirai sai ya sauya giya a tsakiya. Da ya tasa, babu karan dawar da ya tsira a gonar babana, duk ya fere su ya yi motoci. Daga nan ya zama yaron mota a tashar Tsanyawa, ya yi ta rataya a ƙofar bas har hannunsa na dama ya fi na hagu tsawo. Yana musun wannan, amma ku dubi rigarsa in kun haɗu.

A ƙarshe Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwar ƙaramar mota wadda na tabbata ta girmi babana. Ya sa mata suna Ƙasaita. Makullin but ɗinta, ma'ajiyar kaya ta baya, ya mutu tun kafin a haife mu, da igiya yake ɗaure shi tamau. Amma tana tafiya. Ran kasuwa ta kwashi mata da buhunan gyaɗa da ɗan akuya, Tasi'u a gaba da baƙin tabarau, yana ɗaga wa mutane yatsa ɗaya kamar wanda ya sauka daga jirgi.

Bana sai Ƙasaita ta tsiro da sabon hali. Da yamma lafiya lau za a kashe ta, da safe a murɗa makulli ta yi ɗan tari ta yi shiru. Batir ya kwana an shanye shi tas. Turi ya zama aikin gayya a unguwarmu. Ana fitowa daga gaisuwar safe kowa zai naɗe hannun riga, har da liman wani lokaci, a gangara da ita ta gefen rijiya. Ni ina gefe ina ba da umarni, saboda ciwon baya da ke kama ni daidai wannan lokacin kullum.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. To, sunan Gwaggo ya fito cikin maniyyata aikin Hajji, kuma Tasi'u ya riga ya shelanta wa duniya cewa shi zai kai ta sansanin alhazai a Kano da motarsa. Wata safiya Gwaggo ta leƙo ta zaure ta ga ƙarti suna nishi a bayan Ƙasaita. Ta kira shi, a gabana ta faɗa masa.

"Ka ji ni da kyau, Tasi'u. Ni ba za a tura ni zuwa Makka ba. In ranar ba ta tashi da kanta ba, motar Ɗanliti zan shiga."

Ɗanliti kuwa shi ne ɗaya direban ƙauyen, tun suna yara suke gasa, ko carbi ɗaya ya saya sai ɗayan ya nemo wanda ya fi shi tsawo. A ce uwar Tasi'u ta wuce ta ƙofar gidansa a motar Ɗanliti, tana ɗaga wa jama'a hannu? Na ga taubashina ya rame a tsaye. Na ce masa kada ya damu, zan roƙi Ɗanliti ya ba shi riƙon jaka.

Ya sauya batir, sabon ma ya kwana a mace. Ya ce ni ne nake cajin waya a ɓoye, na nuna masa wayata wadda rabonta da kawo haske tun damina. Ya cire rediyo, ya cire ƙahon nan nasa mai kukan saniya, ya cire fitilun ado da ya zagaye lamba da su, Ƙasaita ta koma kamar kazar da aka fige. Duk a banza. Ga kuma wani wari da ya addabi motar. Tasi'u ya ɗora laifin a kan fasinjoji, ya yi ta fesa turare har ƙudaje suka daina bin layinmu.

Ran kasuwar Tsanyawa ya kai ta wurin wani mai gyaran wayar mota. Mutumin ya ce ya riƙa cire kan batir in zai kwanta, shi ke nan. Tasi'u ya ce shi ba sulhu ya zo nema ba, ɓarawon yake so ya kama da hannunsa. Sai mutumin ya koya masa dabara: a cire baƙar wayar batir, a haɗa ɗan ƙwan fitila tsakaninta da kan batirin. In komai a kashe yake amma ƙwan ya kama, to akwai mai sha. Daga nan sai a riƙa zare fis, ƴan abubuwan da ke tsare kowane layin wuta, ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare ƙwan ya mutu, a layinsa ɓarawon yake. Suka gwada nan take, ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba. Tasi'u ya dawo gida ya gwada da la'asar, haka. Ya zauna a dakali yana kallon ƙwan kamar zai cinye shi.

Ni ne na ce masa wane ɓarawo ne zai zo da rana tsaka alhali mai gida na zaune da tabarau? A gwada da sassafe mana. Ku rubuta wannan, don shi ba zai taɓa faɗa muku ba.

Washegari liman na sallame sallar asuba muka zame, ba mu tsaya addu'a da gaishe-gaishen da aka saba ba. Na riƙe tocila, ya haɗa ƙwan. Sai ga shi ya kama, ja-ja-ja, kamar idon mage. Tasi'u ya fara rawa a tsugune. Ya zare fis na farko, ƙwan na nan. Na biyu, na nan. Yana zarewa yana yi wa ɓarawon alkawarin abin da zai yi masa, har da kai shi gaban mai gari da igiya a ƙugu. Da ya zo kan na fitilun ciki, ƙwan ya mutu.

Muka leƙa cikin mota, fitilar rufi a kashe. Muka zagaya baya. Igiyar but ba ɗaurin Tasi'u ba ne, ɗaurin mata ne, sako-sako, murfin ya ɗan ɗaga. Ya mayar da fis ɗin, ya kwance igiyar. Wari ya yi mana sallama. Ga wata ƙatuwar ƙwarya an lulluɓe ta da buhuna, ɗan ƙwan but yana ta haska ta, shi kaɗai, tun jiya.

"Wa ya ce ku buɗe min daddawa? Iska za ta shiga."

Gwaggo ce a bayanmu, da carbi a hannu. Ashe guzurin tafiya take haɗawa, nata da na duk matar da ta roƙe ta cikin ayarinsu. Ɓeraye da awaki sun hana ta sakat a cikin gida, sai ta lura but ɗin Ƙasaita na riƙe ɗumi har safe. Kullum bayan isha ta sa ƙwaryar, ta ɗauke kafin maza su dawo daga masallaci. Fitilar kuwa ta gan ta sarai, ta ɗauka kirkin motar ne.

Na tuna wa Tasi'u maganar mai gari da igiya a ƙugu, na ce ga igiya nan a hannunsa. Ya harare ni. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta ko ta tashi lafiya. Sannan ya sa hannu ya murɗe ɗan ƙwan but ɗin ya jefa a aljihu, ya gyara wa ƙwaryar lulluɓi, ya ce ta ci gaba da ajiyarta.

Ranar tafiya unguwa ta cika. Maza sun naɗe hannun riga saboda sabo, Ɗanliti ya kawo motarsa ya faka a gindin darbejiya yana goge gilashi, wai wucewa yake. Gwaggo ta shiga gaba ta zauna, jakarta a cinya. Tasi'u ya yi bisimilla, ya murɗa makulli.

Ƙasaita ta tashi bugu ɗaya, da ƙarar da ta kori kajin unguwa har Bichi. Mata suka rangaɗa guɗa. Masu turi suka tsaya da hannuwa a sake, kamar an kore su daga aiki. Tasi'u ya bi ta gaban Ɗanliti a hankali, ya ɗaga masa yatsa ɗaya.

Ina kujerar baya da ƙullin daddawa a ƙafata, na ji Gwaggo ta ja hanci ta dube shi.

"Amma Tasi'u, ka riƙa wanke motar nan. Wari take."