Lasifika da Kiɗan Keken Ɗinki

Kawuna ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa har yau nake dariya idan na ji ana kiransa Lasifika. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, ɗan wuri ne wanda in mutum biyu suka zauna sai gwiwoyinsu sun haɗu. Rediyo yake gyarawa, da lasifikokin da suka ƙone. Tun da mahaifiyata ta rasu na saba biyawa ta wurinsa in na tashi daga aiki. Ƙaninta ne, idanunsu ma iri ɗaya. Sai in zauna a kan wata tsohuwar lasifika da ya mayar kujera, in yi shiru, shi kuma yana ta narkar da dalma. In ka iya haƙuri Kawu yana ba da labari, amma a gutsure, yau kaɗan, jibi kaɗan. Haka na tattara wannan.

Da ƙuruciyarsa DJ ne, mai saka kiɗa a wurin taro. Kakarmu ba ta taɓa yarda da sunan ba. "Na haifi namiji, ya girma ya ce shi Dije ne?" Haka take cewa duk lokacin da ta ga yana ɗora kaya a baro. Kayan ba su da yawa: lasifika biyu da ya haɗa da hannunsa daga katakon wata tsohuwar kabad, amfilifaya ta hannu mai ƙara ƙarfin sauti, da na'urar saka faifai wadda sai an ɗan buga ta kafin ta buɗe baki.

Yana da yadda yake aikinsa. Ba ya kallon fuskar mutane, ƙafafunsu yake kallo. Ya ce min, "Mutum zai iya yi maka murmushi don kunya, alhali kiɗan ya gundure shi. Amma ƙafarsa ba ta san kunya ba." Sai ya sunkuyar da kai bayan tebur, idonsa a ƙasa. In takalma suna motsi ya bar waƙar ta ci gaba, in sun fara nauyi ya canja. Da wannan ya yi suna a unguwa.

Amma ba can zuciyarsa take ba. So yake ya haɗa nasa kiɗan. Ya sayi wata 'yar fiyano ta lantarki a wurin masu sayar da tsofaffin kaya, wasu daga cikin haƙoranta ma sun mutu, amma tana iya ɗaukar sauti ta riƙa maimaita shi. Da ita ya bi gidan nan kaf. Ya ɗauki ɗigar famfo a cikin bokiti, ya ɗauki kukan ƙyauren ɗaki, ya ɗauki ƙarar cokali a bakin kofi. Wanda ya fi so shi ne keken ɗinkin mahaifiyata. A baranda take ɗinki, shi kuma ya durƙusa a gefenta da makirfo kamar mai roƙon gafara. Keken yana da wani ɗan tuntuɓe: ya yi ta tafiya sumul, sai ka ji ƙas, ya sake ɗauka. A kan wannan tuntuɓen Kawu ya gina kiɗansa na farko, ya zuba shi a faifai.

Ana haka wata rana wuta ta zo da ƙarfi a wurin wani taro, ta ƙone amfilifayar da lasifika guda. Abin da ke hannunsa ba zai ɗauki sana'a biyu ba. Ko ya sayar da fiyanon ya gyara kayan DJ, ko ya sayar da ragowar kayan ya ƙara a kan fiyanon ya koma haɗa kiɗa gaba ɗaya. Ya yi ta juya abin a ransa, bai gaya wa kowa ba.

A lokacin akwai wani aiki da ya riga ya karɓa. Ƙungiyar teloli za ta yi walima da rana a zauren wata makaranta, kuma mahaifiyata ce ta sama masa aikin, ko da yake ita ba ta je ba saboda ba ta daɗe da haihuwata ba. Ya ari amfilifaya a wurin wani abokinsa, sannan ya yanke shawara shi kaɗai: zai sa kiɗansa a tsakiyar waƙoƙin da kowa ya sani, ba tare da ya faɗa ba. In ƙafafu suka ci gaba da rawa, ya zama mai haɗa kiɗa. In sun tsaya, fiyano ta tafi.

"Ka san ƙafar tela," in ji shi, "ko a zaune take ba ta hutawa. Na ce in har waɗannan suka tsaya, to babu sauran magana."

Rawa ta yi zafi, ya zura faifansa. Famfo ya fara ɗiga, cokali ya shigo, sai keken ya ɗauka. Yana kallo takalma suka fara ja da baya. Wani baƙin takalmi ya tsaya, wasu silifas suka tsaya, har zauren ya koma kamar ana jiran jawabi. Ya ji ana ƙus-ƙus. Bai ɗaga kai ba. Kiɗan bai kai rabi ba ya zare shi ya mayar da waƙar da ake yayi. Da aka tashi ya tattara kayansa da sauri. Wani ya kira shi daga baya, ya yi kamar bai ji ba. Washegari ya kai fiyanon kasuwa.

Bayan kwana biyu mahaifiyata ta tare shi tana dariya. "Kai ɗan nema, ka tona min asiri a gaban teloli. Har gida aka zo aka ɗaure min kwarkwaron zaren keke, wai kowa ya ji kekena yana tsallake." Kawu ya yi murmushi kawai. A ransa ya ce ashe har abin dariya ya zama. Daga ranar keken bai ƙara tuntuɓe ba, shi ma bai ƙara haɗa kiɗa ba.

Ya yi shekaru yana DJ, da sana'ar ya yi aure ya reni 'ya'ya. Sannan yara suka taso da kwamfuta da waya, ba mai neman baro da lasifikar katako, sai ya koma ƙarƙashin matakala. Na sha tambayarsa faifan. Kullum amsa ɗaya ce: "Bar shi, ɗana, ba abin ji ba ne."

Wata ranar da yamma ina zaune sai ga wani dattijo da rediyo a hammata, tef ɗin awo a rataye a wuyansa ko da yake tsufa ya kama shi. Ya ajiye rediyon, ya ƙura wa Kawu ido.

"Kai ba kai ne Lasifika ba? Mai rowar kiɗa?"

"Ni ne, Baba. Amma rowa kuma?"

"Ji shi! Ka ɗanɗana mana abu ka fizge. Na bi ka ina kira, ka tura baro kamar wanda ya ɗauko kayan sata."

Kawu ya ajiye ƙarfen dalmar. "Baba, ai tsayawa kuka yi. Da idona na gani."

"To rawa za mu yi? Kai in ka ji muryar ɗanka a rediyo, tashi kake yi ka taka?" Dattijon ya juyo wurina. "Samari, ka ji min mutum. Tun da muke taka keke, ba wanda ya taɓa cewa ƙararsa abin saurare ce. Matanmu ma cewa suke ta hana su barcin rana. Sai ga ta a lasifika, an yi mata ado kamar amarya. Wata a kusa da ni har da hawaye. Ni kuwa ina ji na ce wannan keken kwarkwaronsa ya saki, aka ce in rufe baki ana sauraro. Muna jira ya ƙare mu ce a maimaita, sai gogan naka ya sako mana wata waƙar soyayya."

"Kai ka je ka ɗaure wa Yaya kwarkwaron?"

"Ni ne mana. Allah ya jiƙanta. Ita ma na ce ta roƙa mana kai, ta ce ƙanin nata kunya gare shi kamar sabon suruki."

 Kawu ya daɗe yana kallon hannunsa. Can ya ce min, "Tashi." Na tashi. Ya kwantar da lasifikar da nake zama a kai, ashe ita ce wadda ta ƙone, ya kwance bayanta da sukudireba. Faifan yana ciki, a naɗe a wani ƙyallen atamfa da na gane nan take, ragowar ɗinkin mahaifiyata ne.

Na'urar ta ƙi buɗewa sai da ya buga ta. Famfo ya fara ɗiga. Cokali ya shigo. Sai keken, sumul, sumul, ƙas. Ban san na san wannan ƙarar ba sai da na ji ta, ko da yake ni a gyare na taso na sami keken. Wannan karon kiɗan ya wuce rabi. Wajen ƙarshe komai ya lafa, sai muryar mahaifiyata ta fito, ƙuruciya shar, tana dariya: "Kai, ɗauke min abin nan daga gaba, zan soke hannu!"

Na lura Kawu ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Ƙafafuna yake kallo, kuma ko motsi ba sa yi. Na Baba ma haka. Na so in ɗan taka don kada ransa ya ɓaci, amma na kasa. Sai na ga ya ɗago a hankali, ya dubi dattijon, ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"A maimaita," in ji Baba. "Mun daɗe muna jira."

Aka maimaita. Da dattijon ya tafi, ya ma manta bai faɗi abin da ke damun rediyonsa ba, Kawu ya ɗauki ƙarfen dalmar ya sake ajiyewa.

"Ɗana," ya ce, "wayar nan taka, da gaske ne ana haɗa kiɗa a ciki?"

"Ana yi, Kawu."

"To keken yana ina yanzu?"

Na ce yana ɗakina, a rufe da zane. Ya ce gobe in na tashi aiki in biyo mu tafi tare, kuma in tuna masa ya ɗauki ƙaramin sukudireba, don sai an ɗan sassauta kwarkwaron.