Farar Riga a Filin Taki

Tun yana saurayi yake sana'ar taki, kuma ba a taɓa ganin ya toshe hanci ba. Shara ake juye masa a fili: ruɓaɓɓen kayan lambu na kasuwa, kashin kaji, garin katako, busasshen ganye. Ya jera su hawa-hawa, ya yayyafa ruwa, ya yi ta juyawa da shebur har abin da kowa ke gudu ya koma baƙar ƙasa mai ƙamshin ruwan fari. In yana son sanin ko tsibi ya nuna, naɗe hannun riga yake yi ya cusa hannu har gwiwa. In ya ji zafi ko danƙo a ciki, to da saura. Matarsa takan ce ta auri mutumin da ƙudaje ke yi wa rakiya har gida, shi kuma ya ce ai ƙuda ma ya san inda arziki yake.

Rauninsa ɗaya ne, yana son a ambace shi a taro. Da masu taki suka kafa ƙungiya aka ce ana neman 'yan sa kai, hannunsa ya riga na kowa tashi. Kwamitin wayar da kai yana ciki, na sasanci yana ciki, na jera kujeru ma bai bari ya wuce shi ba. Ba a biyan kowa ko sisi. Kafin a ankara sunansa ya ɓace, babba da yaro sai Ɗan Kwamiti.

Wanda ya fi ji da shi shi ne kwamitin duba inganci. Su ne ke zagaya filayen 'yan ƙungiya, in sun ga taki ya nuna su ba da izinin buga tambarin ƙungiya a buhu. Shugaban ƙungiya, wanda rabonsa da shebur tun kafin ya ajiye tumbi, ya sa aka ɗinka musu fararen riguna masu dogon hannu, wai don jama'a su daina yi musu kallon 'yan bola. Kuma ba a zuwa filin mutum sai an sanar da shi, don mutunta juna. To wa zai cusa farar riga a cikin taki? Hannu ya koma tsayawa a wuyan hannu, daidai inda maɓalli yake. A damƙo na sama, a murza, a shinshina, a gyaɗa kai. Ran farko abin ya ɗan sosa masa rai, amma matarsa ta sha wahalar gugar rigar, sai ya yi yadda kowa ya yi.

Yayarsa, wadda ta goya shi, renon dashen tumatir da barkono take yi a ƙananan baƙaƙen ledoji a bayan gidanta, masu lambu su zo su saya. Da wannan take ci da kanta, kuma ba ta taɓa zuba takin kowa ba sai na ƙanenta. A shekarar nan taro ya hana shi juya tsibinsa a kan kari, ɗan wanda ya nuna kuma wani ɗan ƙungiya, Mai Tifa, ya zo ya saye duka.

"Yaya, ki saya a wurin Mai Tifa," in ji shi. "Akwai tambari. Ni da hannuna na duba filinsa."

"To, tunda kai ka duba," ta ce. Da ta buɗe buhunan ta ji ɗan wari, amma ta ture tunanin.

Bayan 'yan makonni ta aika masa, ya zo ya duba. Dashen duk ya kwanta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ƙone. Ɗanyen taki ne ya dafa su a cikin leda. Lokacin dashe ya zo, masu lambun da suka yi mata magana sun koma wurin wasu. Tana zaune a kan bokiti tana zazzage ledojin ɗaya bayan ɗaya, ko kallonsa ba ta yi ba.

Daga nan filin Mai Tifa ya nufa, ba sanarwa. Ga tsibin nan baƙi wuluk, gwanin sha'awa. Ya naɗe hannun riga ya cusa. Zurfin taƙi ɗaya daga sama ne kawai mai kyau. Ƙarƙashinsa zafi, sai wani abu mai yauƙi ya naɗe masa yatsu. Ya zaro hannu da ɗanyar ƙazantar mahauta, kore shar, tsutsa na motsi a ciki. Mutumin da ya tsufa a cikin ruɓa ya juya gefe ya yi amai.

Mai Tifa ya fito yana dariya. "Haba Ɗan Kwamiti, ka zo ba labari? Na saman nan fa naka ne. Don me kake zaton nake saye a wurinka? Kowa haka yake yi, a yafa wa tsibi mayafi kafin ku iso."

Wato kitso aka yi ta yi da ƙwarƙwata, kuma da takinsa ake rufin. Shi ya sayar, shi ya zo ya shinshina kayansa, shi ya yaba.

Ya kai magana gaban taro. Ɗaki ne mai fanka da ƙamshin turaren fesawa, an jera ruwan roba a kan tebur, kowa cikin farar riga fes. Ya faɗi abin da ya gani. Ba wanda ya yi mamaki. Wani na danna waya, wani na sakace.

Ya dubi Shugaba ya ce, "Ranka ya daɗe, an kashe wa baiwar Allah sana'a da tambarinmu."

Shugaba ya yi gyaran murya. "Abin bai yi daɗi ba. Amma kada a fita da maganar nan waje, sunan ƙungiya ne zai ɓaci. Za mu kafa kwamitin bincike. Kuma ban ga wanda ya cancanci ya jagorance shi kamarka ba."

Aka tafa masa, wallahi har da tafi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Abin takaicin, sai da ya ji wani ɗan daɗi ya ɗarsu a ransa kafin ƙyamar kansa ta kama shi. Ya tashi ya fita. Rigar tana nan har yau, matarsa na goge fitilar babur da ita.

Ya koma filinsa ya duƙufa, safe da yamma yana juyi, har tsibi ɗaya ya nuna sarai. Ya cika buhuna da kansa, ba tambari, ya ɗaura a babur ya kai mata.

"Yaya, ga shi. Nawa ne, na filina. Ki sake zubawa."

Ta amsa sallamarsa, ta tambayi yara, har ta sa masa albarka. Sannan ta kwance bakin buhun farko. Tun da yake kawo mata taki ba ta taɓa yin haka ba. A gabansa ta naɗe hannun rigarta, ta cusa hannu har gwiwa, ta daɗe tana lalube. Ta zaro, ta shinshina, ta kakkaɓe.

"Wannan ya yi," ta ce. "Kwance min na biyun."