Firez a Firijin Mahauci

Duk wanda ya taɓa bin layin masu soya, wato tsire, a unguwar Briqueterie da la'asar ya san Malam Rashidu mahauci. Dogo ne, mai furfura a gemu, hannunsa kuwa ko ya wanke da sabulu sai ka ji ƙamshin ƙuli da hayaƙi. A Garwa aka haife shi, gidan manoma, amma wuƙa ce ta kawo shi Yawunde tun yana saurayi.

'Yarsa Jiddah tana aikin jinya a Kanada. Can ta haifi Zakiyya, wadda bai taɓa ɗauka a hannunsa ba. Kullum aka yi wayar bidiyo sai ya ga yarinyar da jan baki, tana cin wani ɗan itace da ake kira firez. In an ce ta gaida kaka, sai ta ɓuya bayan uwarta.

"Baba, in mun zo ban san me za ta ci ba," in ji Jiddah.

"Aiko min da irinsa. A hannuna za ta ci."

Iri ya iso cikin 'yar takarda, ƙanana kamar na taba. Jiddah ta ce mai jure sanyi ne, ko ƙanƙara ba ta kashe shi. Abin ya ba Malam Rashidu tausayi. Ya ce wahala ta ƙare wa wannan iri, ya rataye shi saman murhu, inda hayaƙi ke tashi, yadda mahaifinsa ke adana irin dawa. Da damina ta sauka ya cika tsofaffin bokitai da ƙasa da taki, ya jera su bayan gida, ya shuka rabi. Ya yi ta ban ruwa. Ciyawa ta fito, har da wani tumatir da ba wanda ya gayyata. Firez kam shiru.

Mohaman Bello, telan da ke maƙwabtaka da shi, yakan leƙo ta katanga.

"Sarkin noma, yaushe za mu kawo buhuna?"

"Ɗinka su tukuna, ka ga ko za ka iya layi ɗaya a miƙe."

Ya nemi sauran irin don ya sake gwadawa, bai gan shi ba. Ya zazzage ɗakin girki, ya haƙura. Sai bayan makonni, yana kwashe nama daga firiji, ya tsinci takardar manne a lungu, ta yi sanyi ƙalau.

"Maman Jiddah, wa ya kashe min iri?"

Saliha, matarsa, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. "Iri ne? Malam, duk abin da Jiddah ta aiko a 'yar takarda ai magani ne. Magani kuwa firiji ake sa shi."

Ya watsa shi a bokiti don kada a ce ya zubar. Ba a daɗe ba sai ga 'yan ganye sun leƙo, masu baki kamar zarto. Da ya nuna wa Jiddah a waya sai da ta yi dariya har da hawaye. Ashe irin ba ya farkawa sai ya kwana cikin sanyi, ita kuma ta manta ta faɗa.

Lokacin da Jiddah da 'yarta suka iso, 'yan ƙwaya kaɗan ne suka nuna, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba. Zakiyya ta maƙale a zanin uwarta. Malam Rashidu bai kira ta ba. Ya tsuguna gaban bokiti, ya ɗaga ganye, ja ya bayyana. Ta saki zanin, ta tako a hankali, ta tsinki ɗaya ta ci. Ta tsinki na biyu, ta dube shi, ta tura masa a baki.

Bai taɓa ɗanɗana shi ba. Tsami ya kama masa muƙamuƙi, ya runtse ido ɗaya, gemu na rawa. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta haye cinyarsa tana neman na uku.

"Yaya, sarkin noma?" in ji Mohaman Bello daga katanga.

"Tsamiya ce ta sa jar riga," in ji Malam Rashidu, ya ƙara buɗe baki.