Minti Ɗaya a Bayan Rediyo

Shekara shida ina da gidan kallon ƙwallo a Lolo, kan iyakarmu da Benin: rumfar kwano, benci tara, da janareta mai tarin tsiya. Da ita nake ciyar da gidana. Amma kuɗin dish kullum hawa yake, har na fara jin kamar masu tashar nake yi wa noma.

Wata ranar kasuwa wani ɗan tireda ya nuna mini 'yar na'ura, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Ya ce in soka ta a bayan talabijin, in haɗa da datar waya, shi ke nan, duk wasan duniya ya shigo rumfata da araha. Ko matata ban yi shawara da ita ba, ga ta da tsohon ciki. Na saya, kuma don tsabar wauta, washegari na sayar da dish ɗin da dikodarsa.

Abin da bai gaya mini ba, a bakin iyaka waya ba ta san ƙasarta ba. Ana cikin kallo sai ta tsallaka Benin, saƙo ya shigo da Faransanci wai ana yi mini maraba, hoto ya daskare. Na ɗaure wayar a kan gora, na ɗaga ta sama ta fuskanci Bagudo, can cikin ƙasarmu. Da ta zauna lafiya na ɗauka na gama da matsala.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi babban wasa, rumfa ta cika maƙil. Can sai ihu ya tashi daga waje, wurin mai shayin ƙofata da rediyonsa: “An ci!” Mu kuwa a ciki ƙwallo tana tsakiyar fili. Sai da aka yi minti guda ta shiga raga a talabijin ɗina, kuma ba wanda ya ko motsa.

Wani dattijo mai kwalekwale, wanda tun buɗe rumfar bai taɓa fashi ba, ya juyo ya ce, “Ɗana, wanga kallo na ko labari? Abin da yaw wuce muka biya?”

Na fita wurin mai shayi. “Yaya, don Allah kashe rediyon ga, ko ka rage mai murya.”

“Kai kas saida kayanka, ni kuma in kashe rediyona?”

Wallahi har durƙusawa na yi, a gaban yaran unguwa da masu shan shayi. Ba kunya ce ta fi damuna ba, tsoro ne. Geron da ke gida ba zai kai mu haihuwa ba, kuma na san in mutanen nan suka tashi yau, sun tashi ke nan.

Aka tafi hutun rabin lokaci, suka fita shan iska, ba su dawo ba. Ta ƙofa ina hango su zagaye da rediyo, har da dattijon.

Daf da tashi ihu ya sake tashi a waje. Na zauna a bencin gaba, na zuba wa talabijin ido, ina jiran abin da duk garin ya riga ya sani. Ƙwallo ta shiga. Na buɗe baki in ce an ci, na waiwaya, babu wanda zan gaya wa.