Ƙararrawar Wuyan Ƙyale-su

Idan ka je Yako ka tambayi gidan Ɗanasabe, kowa zai nuna maka, amma mai gidan kam sai ka taki sa'a za ka same shi. Matarsa Halima takan ce tun da aka kawo ta ba ta taɓa ganin tabarmarsa ta ɗau ɗumi ba. Da damina dai gona na riƙe shi. To, da an yanke dawa, an kai masara rumbu, sai ƙafa ta fara masa ƙaiƙayi. Ya shiga zaure, ya fito. Ya ɗauko gorarsa ya shafa mata mai, ya jingine, ya sake ɗaukowa. Ba komai yake jira ba illa ranar fita farauta.

Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara bin mahaifinsa daji, yanzu ya ba sittin baya. A da da ƙafa ake zuwa. Yanzu kuwa mota ake ɗauka daga bakin kasuwa, mutane da karnuka a cushe, a nufi dajin wajen Tudun Wada, wani zubin har gefen Doguwa. Kada ka ce nama ne ke kai shi. Wane nama? Mutum talatin su yini suna ratsa ƙaya, a komo da zomo huɗu da gafiya biyu da damo ɗaya. Halima ta sha gaya masa kazar gidanta ta fi abin da yake kawowa auki. Shi dai iskar daji yake so, da tafiyar, da gardamar da ake tafkawa a gindin tsamiya kan wa ya fara jifa.

Shekara biyu da suka wuce yanar ido ta kama shi. Da fari kamar hayaƙin murhu yake gani, daga baya ta kai sai mutum ya yi magana yake gane shi. Halima kaɗai ta sani. Ta ce su je asibiti a Kano, ya ce sai bayan farautar bana. Bana ta zama bara.

Ba taurin kai kaɗai ba ne, tsoro ne. A ƙa'idar mafarauta ba a fita da wanda ba ya gani, don gora ake jifa, ga kuma masu bindigar toka. Ɗanasabe ya ga yadda aka yi da Badamasi, gwanin jifa a zamaninsu, wanda tun da ido ya tafi yake yini a dakalin ƙofar masallaci yana tambayar masu wucewa me aka kamo. Wannan dakalin, Ɗanasabe yana tsoronsa fiye da maciji.

Sai ya yi dabara. Ya sayo 'yar ƙararrawa irin ta wuyan akuya, ya ɗaura wa karensa Ƙyale-su. Karen ya tsufa, ba ya yin nisa da ubangidansa. Inda ƙarar ta bi, nan Ɗanasabe ke sa ƙafa. Idan ta kauce, ya san akwai rami ko kututture. Haka ya ci rani guda cur, ba wanda ya gano. Jifa kuwa ya daina, sai dai ya ɗaga gora ya yi ihu tare da jama'a.

Fitar farko ta bana, suna sauka daga mota, sai Ukasha, wani matashin maharbi mai zafin nama, ya durƙusa gaban Inuwa. Inuwa shi ne Sarkin Dawa, shugabansu, kuma abokin Ɗanasabe tun na ƙuruciya, don tare aka yi musu shayi.

"Sarki, a duba maganar ƙararrawar karen Baba Ɗanasabe," in ji Ukasha. "Zomo ba kurma ba ne. Tun muna nesa yake jin mu ya ƙara gaba."

Wasu suka ce gaskiya ne. Inuwa ya dubi abokinsa yana dariya. "Ɗanasabe, yaron nan ya fi ka gaskiya. Kare ne ko amarya? Cire masa."

Maganar ta zo har bakin Ɗanasabe, ya haɗiye ta. "Ado ne kawai," ya ce. Ya lalubi wuyan karen ya kwance, ya naɗe ƙararrawar a tsumma ya jefa aljihu.

Aka bazu cikin daji. Da farko ya bi muryoyi, yana jan ƙafa kamar mai neman allura. Can zomo ya tashi, aka sa ihu, kowa ya zura da gudu, har da Ƙyale-su. Muryoyin suka yi gabas, suka yi kudu, suka ɓace. Ya yi taku goma, ƙaya ta kama masa riga. Ya juya, ƙafarsa ta zame a bakin kwazazzabo, ya ja da baya da kyar. Ya yi fito, kare bai zo ba. Rana tsaka ce, haske ko'ina, amma shi fari fat kawai yake gani. Mutumin da bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba, ga shi a tsaye ƙiƙam, ya kasa gaba ya kasa baya. Kira ɗaya zai yi a zo, ya kuma san kiran nan shi ne zai kai shi dakalin Badamasi. Bai yi kiran ba.

Bai san iya lokacin da ya ɗauka ba sai ya ji takun mutum.

"Kai kuma me kake yi a nan, ka ba jama'a baya?" Muryar Inuwa ce.

"Hutawa nake yi."

"Kai ɗin? To, ungo goro."

Ɗanasabe ya miƙa hannu, ya damƙi iska. Ya sake miƙawa, ya sake damƙar iska. Inuwa ya matso. Ya kama hannun, ya sa goron a ciki, ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu, kuma ni ne na ce ka cire ƙararrawar." Inuwa ya saki hannun. "Ba ni gorarka."

Ɗanasabe ya miƙa. Gorar nan tun ta mahaifinsa ce, ya ji kamar hannunsa aka cire.

"Ƙararrawar ma kawo ta."

Ya ciro ta daga aljihu ya ba shi. Shi ke nan, in ji shi a ransa, sai dakali. Ya ji ana warware tsumma, ana ɗaure wani abu, sannan ƙarar ta tashi daga ƙugun Inuwa.

"Ranar Litinin ni zan kai ka Kano, ko kana so ko ba ka so," in ji Inuwa. "Jifa kuwa ka gama shi sai likita ya ce. Yanzu biyo ni."

Da suka isa gindin tsamiya, suka tarar da jama'a a zaune. Ukasha ya dubi abin da ke rataye a ɗamarar Sarkin Dawa, ya dubi idon Ɗanasabe, ya sunkuyar da kai. Wani daga baya, wanda bai gane ba tukuna, ya ce, "Sarki, ai zomaye za su gudu."

"Su gudu," in ji Inuwa. Ya gyara ɗamara ya shige gaba, Ɗanasabe ya bi ƙarar.